Bakteriya, bairas da funfuna: wace rawa za a bar wa "ƙwayar cuta"?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu nazarin harshe da ma'aikatan lafiya da malaman gona. Na daɗe ina lura da cewa mun ɗora wa kalmar "ƙwayar cuta" kayan da ya fi ƙarfinta, domin da ita muke kiran abin da ke kawo tarin fuka, da wanda ke kawo ƙyanda, da wanda ke kawo zazzaɓin cizon sauro, alhali waɗannan halittu sun bambanta a jiki da hanyar rayuwa, kuma maganin ɗaya ba ya taɓa ɗaya.

Kwanakin baya a wani kantin magani na unguwarmu, wata dattijuwa mai fama da mura ta kwance bakin zanenta ta ciro kuɗi, ta ce a ba ta kafso ja-da-yalo. Yaron kantin ya ce, "Hajiya, wannan ba ya yi wa mura komai." Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne? Ita murar ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba?" Yaron ya yi shiru, don da kalmomin da ke bakinsa ba shi da yadda zai bayyana mata cewa kafson bakteriya yake kashewa, mura kuwa aikin bairas ce. Shan irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba na cikin abin da ke sa bakteriya su taurare har magani ya daina cin su.

Shawarata ta farko ita ce a bar "ƙwayar cuta" ta zama sunan gama-gari ga duk wata ƙaramar halitta mai sa cuta, ga mutum ko dabba ko shuka, sannan kowane jinsi ya samu sunansa a ƙarƙashinta. "Bakteriya" ta riga ta zauna a bakin ma'aikatan asibiti, ba ta da nauyi a harshe, don haka a karɓe ta. Asalinta daga Girkanci ne, ma'anarta ɗan sanda, saboda siffar da aka fara ganin wasunsu a madubin likita. Su ne ke kawo tarin fuka, wanda likitan Jamus Robert Koch ya gano ƙwayarsa a 1882, da kwalara, da mashaƙo, da sanƙarau irin wanda ya yi wa Arewa mummunar ɓarna a 1996. Sai dai kiran kowace bakteriya ƙwayar cuta zalunci ne, domin wasunsu ne ke mayar da madara nono, su ne ke nunar da kalwa ta zama daddawa, kuma su ne ke zaune a 'yan ƙullutun saiwar wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa albarka. Waɗannan da masu cutarwa duka "ƙananan halittu" ne.

Inda gardama take shi ne bairas. Hausa ba ta da harafin v, shi ya sa a Najeriya ake jin "bairas" ko "bairos" bisa lafazin Ingilishi, a Nijar kuma "birus" bisa lafazin Faransanci. Da farko na karkata ga birus don gajartarta da kusancinta da asalin Latin, inda take nufin dafi, amma na tuna cewa wasu na cewa "ya yi birus da shi" a madadin biris, kuma sanarwar lafiya ba ta son kalmar da za ta sa mai sauraro dariya. Saboda haka na zaɓi bairas. Na ji masu son a fassara ta kai tsaye da "dafi", amma dafin maciji ba ya hayayyafa, shi kuwa bairas yana shiga cikin tantanin jikin mai rai ya mayar da shi masaƙar 'ya'yansa, kuma a wajen jiki ba ya iya haihuwar komai. Abin sha'awa, a jikin shuka aka fara gano shi, lokacin da masanin Rasha Ivanovsky ya nuna a 1892 cewa ruwan ganyen taba mai cuta yana ci gaba da harbi bayan an tace shi da matacin da ke tare bakteriya. Manoman gyaɗa ma sun ɗanɗana kuɗarsa a 1975, sa'ad da wani bairas da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa ya tsumburar da gonaki masu ɗimbin yawa a Arewa.

Jinsi na uku ba ya buƙatar aro ko kaɗan. Muna da funfuna, wadda kowa ya san ta a kan tuwon da ya kwana biyu ko gyaɗar da aka tara da danshi. Duk wanda ya taɓa murza zangarniyar dawa mai burtuntuna ya ga baƙin gari ya ɓata masa tafin hannu, to irin funfuna ya riƙe, kuma 'yan'uwanta ne ke kawo makero da ƙyasfi a fatar mutum. A faɗaɗa ma'anar funfuna ta rufe jinsin duka, a daina rubuta "naman gwari" da nake gani a wasu fassarori.

Saura masu zama a jikin wani suna shan jininsa, irin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da likitan Faransa Laveran ya gani a jinin marasa lafiya a Aljeriya a 1880. Ina ba da shawarar "kauci", wato tsiron nan da ke kafa kansa a reshen kaɗanya ko ɗorawa yana shan ruwanta, sai a ce "kaucin jini". Damuwata ɗaya ita ce masu maganin gargajiya suna haɗa magani da kauci, kuma ina so masu aiki a karkara su gwada kalmar a kunnen mutane su gaya mana ko hakan zai kawo ruɗani.