Shin Son 'Yan Kallo Na Iya Riƙe Ƙungiya Mai Zaman Kanta a Le Mans?

Nura: Assalamu alaikum. Maganar da Malam Habu ya yi jiya ce ta tsaya mini a rai. Ya ce a tseren motoci na dogon zango, irin na awa 24 da ake yi a Le Mans ta Faransa, goyon bayan 'yan kallo bai taɓa riƙe wata ƙungiya mai zaman kanta ba, wato wadda ba ta wani babban kamfanin motoci ba. Wai aljihun attajiri guda ne ke ɗauke da ita, ranar da ya gaji kuma a garƙame gareji. Malam, da girmanka, ni ban yarda ba. Mutum 325,000 ne suka je kallo a 2023. A ce duk wannan taron ba shi da tasiri a kan wanda zai rayu da wanda zai mutu?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam, Nura. Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Ɗauki Jim Glickenhaus, Ba'amurken nan da ya ƙera motarsa ya shiga babban rukuni ya kara da Toyota. Akwai wanda 'yan kallo suka so kamarsa a shekarun nan? Ya zo na uku a Le Mans a 2022, ana ta tafa masa. Bayan kakar 2023 ya tattara kayansa, domin Ferrari da Porsche da Cadillac sun shigo da kuɗin da ba zai iya ja da su ba, masu ɗaukar nauyi kuma ba su zo ba. Rebellion ta Suwizalan ma haka: ta zo ta biyu a 2020, masu ita suka ce ya isa, aka rufe. Tafi ba ya sayen taya.

Zainab: Baba Habu, ka tsallake Pescarolo, kuma na san ba mantawa ka yi ba. Henri Pescarolo ya shiga tseren nan sau 33, ba wanda ya kai shi, ya ci sau 4. Da ya kafa tasa ƙungiyar, Faransawa suka ɗauke ta tamkar tasu. Ta zo ta biyu a 2005, ta sake zuwa ta biyu a 2006 a bayan Audi, kamfanin da kasafinsa ya ninka nata ba adadi. A 2010 ta durƙushe har aka yi gwanjon kayanta. Me ya faru? Jacques Nicolet da Joël Rivière suka saye kayan suka miƙa wa tsohon, suka ce ya koma bakin aiki. A 2011 ya dawo, ya kuma ci tseren farko da ya shiga, na awa 6 a Le Castellet ta Faransa. In ba don ƙaunar da jama'a ke yi wa mutumin nan mai koriyar hular kwano ba, wa zai sayi kaya a gwanjo ya kyautar?

Malam Habu: 'Yata, kin ba ni hujja ne da hannunki. Mutum nawa suka sayi kayan? Biyu, kuma masu hali. Sa'annan ki ƙarasa labarin: bayan kakar 2012 ƙungiyar ta sake rufewa, ba ta ƙara tashi ba. Masoyan suna nan, ba inda suka je.

Injiniya Bala: Bari in shigo ta fannin lissafi, domin mutane da yawa ba su san abin da awa 24 ke ci ba. Zagaye ɗaya na Le Mans ya ɗan haura kilomita 13 da rabi, kuma motar da ta yi nasara takan yi tafiyar da ta kai kilomita 5,000. Direba uku ga kowace mota. Makanikai da injiniyoyi ba su runtsawa. A kowane minti arba'in zuwa hamsin sai an shigo shan mai, ga taya, ga birki, ga kayan gyara da dole a tanada ko da ba za a taɓa su ba. Wannan tsere ɗaya ke nan, kafin a zo ga jigilar motoci zuwa Japan da Bahrain da Amurka in ana gasar duniya. An taɓa gwada karo-karo ƙarara. A 2014 David Brabham, wanda shi kansa ya ci Le Mans a 2009, ya nemi jama'a su haɗa kuɗi ta intanet a dawo da sunan gidansu fagen tsere. An tara fiye da fam 250,000. Kuɗi ne masu yawa a hannun mutum, amma a wannan harka ba su kai ko'ina ba, motar ba ta je Le Mans ba. Abin da ya fi riƙe ƙananan ƙungiyoyi shi ne direba mai biya, wato ɗan kasuwa da ke sayen kujera don ya yi tuƙi. A rukunin LMGT3 ma, na motocin da aka gina a kan irin waɗanda ake sayarwa a kasuwa, doka ce sai an sa direban da ba ƙwararre ba a cikin ukun.

Nura: Injiniya, na karɓi lissafinka, amma kai da Malam kuna auna goyon baya da abin da ya fito daga aljihun ɗan kallo kai tsaye. Ba nan gizo ke saƙar ba. Kamfanin da ke liƙa sunansa a jikin mota, idon wa yake nema? Shi kansa ɗan kasuwan da ke sayen kujera, me ya sa Le Mans yake mafarki ba wani filin da babu kowa ba? Don taron ne. In jama'a suka daina waiwayar ƙananan motoci, kyamara za ta daina bin su, mai talla ya janye.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya sa nake tare da Nura shi ne safiyar Lahadin 2017. Duk wanda ya kalla ya san abin da nake nufi. Motocin Toyota biyu sun mutu cikin dare, ta ukun ta daɗe a gareji. Porsche mai lamba 1 tana gaba da tazara mai yawa, sai ta tsaya a gefen hanya, injin ya ƙi. Kawai sai ga mota ƙirar Oreca mai lamba 38, ta ƙaramin rukunin LMP2, a saman allo, a gaban kowa. Jota, ƙungiya mai zaman kanta ta Birtaniya, ita ce ke kula da ita da sunan Jackie Chan DC Racing, cikin direbobinta har da Thomas Laurent, yaro ɗan shekara 19. Ɗaya Porsche ɗin, mai lamba 2, wadda ta yi asarar sama da awa guda ana gyara ta, ta biyo ta tana cin tazarar zagaye bayan zagaye. Kowa ya san za ta kamo ta, amma ba wanda ya iya ɗauke ido. Saura kamar awa guda ta wuce ta. Yau in aka ambaci 2017, labarin wa ake fara bayarwa? Daga nan sunan Jota ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa jin ta ba.

Malam Habu: Hajiya, ranki ya daɗe, ni ma na kalla, kuma raina ya so ƙaramar motar. Amma ina Jota take yanzu? Ta sayi Porsche 963 da kuɗinta, ta ci tseren Spa a Beljiyam a 2024, abin alfahari. Shekara na zagayowa ta zama ƙungiyar kamfanin Cadillac. Ladan ƙungiya mai zaman kanta da ta yi fice shi ne ta daina zaman kanta. Ƙungiyar Joest ta Jamus ma haka ta yi: ta ci Le Mans a 1984 da 1985 da mota guda, ta sake ci a 1996 da 1997, daga baya ta koma yi wa Audi aiki.

Zainab: To ai ba mutuwa ba ce wannan, Baba. Makanikan suna da aikinsu, garejin a buɗe yake. Kuma a 2025 Ferrari mai launin rawaya, lamba 83, wadda ba ta kamfani ba, ita ta ci Le Mans da Robert Kubica da Ye Yifei da Phil Hanson.

Injiniya Bala: A nan kam, ƙanwata, sai a yi hattara. Ƙungiyar AF Corse ta Italiya ce ta shigar da lamba 83, kuma ita ɗin ce ke tafiyar da jajayen motocin kamfanin guda biyu. A takarda mai zaman kanta ce, amma ba za a haɗa ta da Jean Rondeau ba, ɗan garin Le Mans da ya ƙera mota da sunansa ya ci tseren da ita a 1980, ya bar shahararren direba Jacky Ickx a baya. Har yau ba wanda ya maimaita wannan. Ni damuwata ma ƙofar ce ke ƙara tsukewa. Daga 2024 an cire LMP2 daga gasar duniya, sai a Le Mans kaɗai ake ba ta wuri. Daga 2025 kuma duk mai ƙera mota da ke son babban rukuni sai ya kawo biyu. Mai ƙaramin ƙarfi da ƙyar yake iya ɗaya.

Nura: Yawwa, Injiniya, ka zo inda nake. Wa ya yanke wannan? ACO, masu shirya tseren Le Mans, da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya. Su kuma me suke dubawa in ba tikiti da masu kallon talabijin ba? Sun ga jama'a sun yi tururuwa don Ferrari, suka buɗe wa kamfanoni ƙofa. Laifinmu ne mu masu kallo da muke sayen jar hular Ferrari mu manta da waɗanda suka cika layin farawa a shekarun da Audi ta fita a 2016, Porsche ta bi ta a 2017, aka bar Toyota ita kaɗai. Kamfani yakan tafi duk ranar da hukumar gudanarwarsa ta sauya ra'ayi. Ƙananan nan su ne ba su tafiya sai dole.

Hajiya Rabi: Kuma akwai waɗanda suke nan daram. Inter Europol ta Polan, wadda gidan burodi ne na iyali ke ɗauke da ita, ɗan mai gidan Jakub Śmiechowski yana cikin direbobi. A 2023 wata mota ta taka ƙafar Fabio Scherer a layin gareji tun farkon tsere, ya ci gaba da tuƙi da karaya har suka ci rukunin LMP2. Sun sake ci a 2025.

Malam Habu: Gidan burodi, Hajiya. Kin faɗa da bakinki, kasuwancin iyali ne ke biya. Nura, zan ba ka abu ɗaya: in masu shirya tseren suka ga ana cika gaban garejin ƙananan ƙungiyoyi kamar yadda ake cika na Ferrari, zai yi musu wuya su ƙara rage musu gurbi a cikin motoci 62 ɗin nan. Wannan na yarda. Amma batun riƙe ƙungiya, ka kawo mini guda ɗaya da ta yi kaka uku a jere da kuɗin magoya baya zalla.

Nura: Ba ni da ita, Malam. Kai kuma ka kawo mini attajiri ɗaya da ya ci gaba da zuba kuɗi a tseren da ba mai kallo.

Malam Habu: A 2020 ba ɗan kallo ko ɗaya a filin, saboda annoba, kuma sun zo sun yi awa 24 ɗinsu cif.

Zainab: A talabijin muka kalle su, Baba, kuma sun san muna kallo.