Share haruffa da translate da tr: inda aikin ke ɓaci

Mai_Python: 'Yan'uwa, mu haɗa abin da kowa ya gani kan share haruffa daga rubutu a harsunan shirin kwamfuta da rumbunan bayanai. A Python 3, `str.maketrans('', '', ' -()')` ke gina teburin haruffan da za a canza ko a share, sai `lamba.translate(teburi)` ya kwashe sarari da jan layi da baka daga lambar waya a zagaye ɗaya. Abin da aka sa a gurbi na uku shi ake sharewa. Kuskuren sabon shiga: translate ba ya taɓa rubutun asali, sabo yake dawowa da shi. In ba ka ajiye shi ba, ka yi aikin banza.

Malamar_Bayanai: Malam, ƙara da wannan. Mutane na zuba `string.punctuation` kai tsaye, wato jerin alamomin rubutu 32 na Python, kuma alamar ɗauri ' tana ciki. A Turanci ba laifi, a Hausa ɓarna ce: jama'a ta koma jamaa, sa'a ta koma saa, 'ya'ya kuma su zama yaya, ma'ana ta juya gaba ɗaya. Cire ' daga jerin kafin ka gina teburin. Sannan mai lanƙwasa ’ da Word ke sakawa, U+2019, ba ta cikin jerin sam. Fara mayar da ita ' tukuna, in ba haka ba kalma ɗaya za ta fito da fuska biyu.

Ɗan_Linux: `tr -d '\r'` (tr umarnin Linux ne na canza ko share haruffa) na gyara fayil ɗin da ya fito daga Windows ta hanyar share alamar \r da ke ƙarshen kowane layi, wannan ba gardama. Amma tr na GNU, wanda aka saba samu a Linux, bayit yake gani, ba harafi ba, kuma harafi ɗaya na iya zama bayit fiye da ɗaya. A UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta, ɓ bayit biyu ne, C9 93, ɗ kuma C9 97. Ka ce masa `tr -d 'ɓ'`, zai share duk C9 da ya samu, ya bar kowace ɗ guntu, allo ya cika da �. Ga haruffa masu ƙugiya, koma umarnin sed ko Python.

Mai_Rumbu: A ɓangaren rumbunan bayanai, Oracle kuma tarkonsa daban. In ka bar gurbi na uku na TRANSLATE fanko, sakamakon duka sai ya zama NULL, wato babu komai, don Oracle na ɗaukar '' a matsayin NULL. Dabarar ita ce a sa harafin da zai tsaya yadda yake: `TRANSLATE(lamba, 'x -', 'x')`. PostgreSQL yana karɓar fanko lafiya lau. SQL Server kuwa, tun 2017 da ya samu TRANSLATE, sai tsawon jerin gurbi na biyu da na uku ya zo daidai. Don sharewa a can, REPLACE ne.