Jita ta hannu na samu, ku duba min kafin in biya

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara kusan biyu ke nan ina son in koyi jita, amma kuɗin sabuwa ya fi ƙarfina. To ga shi wani ɗan bautar ƙasa a makarantar da nake koyarwa ya gama hidimarsa, zai koma kudu ƙarshen wata, ya ce zai sayar min da tasa. Yamaha ce F310, mai tsirkiyar ƙarfe, ba ta haɗi da lantarki. Ya ce shi ma a hannu ya saye ta shekara uku da suka wuce. Dubu 60 ya sa mata, har da jaka. Jiya na je na gan ta. Muryarta ta shiga raina ƙwarai, amma abu uku sun tsaya min: tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya har sai na danna da ƙarfi, akwai wani siririn layi kamar tsaga a fuskarta kusa da gindi, sannan kunne ɗaya yana da tauri wajen murɗawa. Akwai kuma wata a shagon kayan hannu a Sabon Gari, mai tsirkiyar leda, ba suna a jikinta, dubu 35. Ban san komai a wannan harka ba, kuma kuɗin adashena ne na wata shida. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba?

Mai gyara daga Jos:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bar maganar kunne, wannan ƙaramin abu ne, ɗigon man keken ɗinki yana sassauta shi, in ya ƙi a canja shi da kuɗi kaɗan. Nisan tsirkiya shi ne babbar magana, domin shi ke sa mutum ya jingine jita a lungu bayan sati biyu ya ce ba shi da baiwa, alhali kayan ne ba su da lafiya.

Ka koma wurinsa da katin ATM guda huɗu, ko naka ko na aro. Kaurin kowane kati bai kai milimita ɗaya ba, kusan kashi uku cikin huɗu ne. Ka fara saita jitar tukuna, sannan ka ƙirga ƙarafan nan da ke kwance a kan wuya daga sama har ka kai na 12. Ka zura katunan tsakanin wannan ƙarfen da tsirkiya mafi kauri. Kati uku su shiga daidai, wato wajen milimita biyu da 'yan kai, lafiya lau. Huɗu su shiga, ta yi sama amma da gyara. In huɗu sun shige har da sauran fili, to sai ka buɗe ido.

Daga nan ka dubi jaki, wato katakon nan da aka manna a fuska inda tsirkiyoyi suke ƙarewa. A kansa akwai wani farin abu kamar ƙashi. In ya fito sama sosai, alhamdu lillahi, ana ciro shi a goge gindinsa da samfefa, tsirkiya ta sauko. In kuwa ka ga an riga an cinye shi har ya kusa nutsewa cikin jakin, ga tsirkiya har yanzu a sama, to wuyan ne ya rusuno gaba, kuma gyaran wannan ya fi kuɗin jitar. A nan sai ka yi masa godiya ka tafi.

Ka kuma yagi takarda ka gwada zura ta a bayan jakin. In ta shige, gam ya fara saki. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wannan ɗan katakon da nauyin da ya kai kilo 70, dare da rana. Wanda ya fara ɗagawa ba ya komawa da kansa.

Ummu Hanan:
Ni dai ta ledar nan ce nake so ka yi hattara da ita. Irinta na fara saya, saboda an ce ba ta cin yatsa. Gaskiya ne ba ta ci, amma wuyanta faɗi gare shi, hannuna bai iya zagaye shi ba, kuma muryarta ba irin wadda nake ji a waƙoƙin da suka ja ni ba ce. Sai wani ya ba ni shawara in sa mata tsirkiyar ƙarfe. Wallahi ba a yi wata biyu ba jakin ya ɓalle da tsakar dare, da ƙara kamar an fasa tulu, har maigidan ya fito da tocila. Ba a yi ta don wannan jan ba, ko rabinsa da kaɗan ne take ɗauka. In ka saye ta, ka bar ta da ledarta.

Ɗan Gwammaja:
Na gode Hajiya. To Malam na Jos, maganar tsagar fa?

Mai gyara daga Jos:
Ka kunna fitilar wayarka ka sa ta cikin ramin da ke fuskar jitar, ka kashe wutar ɗaki. In haske ya ɓullo ta layin, tsaga ce ta gaske. In bai ɓullo ba, ka sa babban yatsa ka ɗan danna gefe ɗaya a hankali, ka ga ko gefen yana motsi shi kaɗai. Yawanci a irin wannan samfurin fenti ne kawai ya tsage, domin fuskar F310 ba falanki ɗaya ba ne, siraran katako ne aka manna a kan juna, shi ya sa take da jimiri. Masu tsada da ake yi da falanki guda sun fi ta zaƙin murya, amma su ne hunturu ke fasawa. Ga mai koyo a Kano, wannan mai arahar ta fi kwanciyar hankali. Tun da fitila tana ciki, ka karanta takardar da aka manna a ciki, ka ga sunan kamfani da samfurin sun fito tsaf, don akwai na jabu da yawa da ake liƙa wa suna a ka. Ka kuma ƙwanƙwasa fuskar da gaɓar yatsa wuri wuri. In ka ji wani wuri yana kaɗawa kamar akwai abin da ya saki, ɗaya daga cikin sandunan da ke riƙe da ita ta ciki ne ya ɓamɓare.

Injiniya:
Ba sai an wahala ba. Akwai ƙarfe a cikin wuyan, ka sa makulli ta cikin ramin ka ɗaure shi, tsirkiya za ta sauko nan take. Ni haka na yi wa tawa.

Mai gyara daga Jos:
Injiniya, ka yi sa'a ne, Allah ya kiyaye gaba. Wannan ƙarfen aikinsa miƙe wuyan da ya lanƙwashe kamar baka, ba ya gyara wuyan da ya rusuna daga gindi. Ga yadda ake gane ko shi ake bukata: ka danne tsirkiya mai kauri a ƙarfe na farko da na 14 lokaci ɗaya, ka dubi tsakiya, wajen na 7. Ɗan filin da ya kamata ya rage bai wuce kaurin katin gayyatar biki ba. In ya fi haka sosai, sai a murɗa, shi ma kwata ɗaya na zagaye, a bar ta ta kwana, a sake dubawa. Sau uku ana kawo min wadda aka murɗe har ƙarfen ya karye a ciki. Mai koyo kada ya taɓa shi.

Ɗan Agadas:
Sannunku. Ni abin da zan ƙara shi ne zaman jita a ƙasarmu, don saye ba shi ne ƙarshen magana ba. Katako yana shan iska kamar fatar mutum. Masu ƙera ta suna son damshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Maris yakan faɗi ƙasa da 20. A lokacin za ka ji bakin ƙarafan wuya sun fito suna kartar hannu, tsirkiya ta sauko tana zuza. Da damina kuma, wajen Agusta, fuska ta kumbura, tsirkiya ta hau. Saboda haka ka tuna a wane wata kake auna ta. In yanzu da rani ta yi sama, da damina sai ta ƙara.

Abin da nake yi: na sami gidan sabulu na roba, na huda murfin, na jiƙa soso na matse shi sosai har ba ya ɗiga, na sa a ciki, na ajiye cikin jaka tare da jitar. Duk kwana biyu ko uku in sake jiƙawa. Kada ka jingine ta a bangon da rana ke duka, kada ka bar ta a but ɗin mota, zafi yana narkar da gam.

Kuma ɗan'uwa kada ka raina ta don ta hannu ce. A nan wurinmu da wuya ka ga yaron da ya fara da sabuwa. Jita ɗaya takan zaga unguwa, a zauna a kan tabarma bayan la'asar, shayi yana kan gawayi, wannan ya kaɗa ya miƙa wa wancan, sauran suna tafi. Mdou Moctar, makaɗin jitar nan ɗan Nijar da duniya ta sani yau, jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke ya yi tsirkiya. In kunnenka ya saba da garaya ko gurmi, ka riga ka yi rabin tafiya: babban yatsa ya riƙa bugun tsirkiya mai kauri ba tsayawa, manuni yana tsinto waƙa a sirara. Ba sai ka haddace kamu ashirin ba, wato yadda ake jera yatsu a danne tsirkiyoyi, kafin ka ji daɗi.

Baba Alhaji:
Yaro, ni ban san jita ba, amma na san ciniki da zaman gida. Wanda zai tafi ƙarshen wata ba ya son ɗaukar kaya zuwa tasha, ka taya da mutunci, kada ka ci zalinsa don yana gaggawa. Sannan in kana gidan mahaifinka ne, ka gaya masa kafin ya ji ƙara daga ɗakinka. Ka kiyaye lokacin salla da na barcin maƙwabta.

Ɗan Gwammaja:
In sha Allahu Baba. Na riga na yi wa mahaifiyata maganar, ita za ta shigar da ni wurinsa.

Ummu Hanan:
Ka ware kuɗin sababbin tsirkiyoyi a cikin lissafinka. Na jikinta in sun yi baƙi, ba su da sauran murya. Ka ce a ba ka masu laushi, lambar kauri 10 ko 11, kada ka fara da 12. Ka sauke manhajar saiti a waya, kyauta ce, daga mai kauri zuwa siririya E, A, D, G, B, E. Yatsu za su yi zafi sati biyu zuwa uku kafin su yi kanta. Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Ni da kamu biyu da ake kira Em da Am na fara, yatsa biyu da uku ne kawai, kuma ranar da na iya sauyawa tsakaninsu ba tare da na tsaya ba sai da na kira ƙanwata a waya ta saurara.

Ɗan Gwammaja:
Jama'a na dawo. Na je da katuna, huɗu sun shiga da ƙyar, na biyar bai shiga ba. Farin ƙashin yana nan da tsayinsa, kamar ba a taɓa shi ba. Takarda ba ta shige bayan jaki ba. Na sa fitila, haske bai fito ba, kuma da na shafa da farce na ji layin a saman fenti yake. Mun daidaita a dubu 52, ya ƙara min da abin bugu guda biyu, har ya zauna ya nuna min yadda ake kama Em. Tana nan cikin jaka da gidan sabulunta. Malam na Jos, in na ciro ƙashin, nawa zan goge?

Mai gyara daga Jos:
Madalla, Allah ya sa albarka. Duk abin da kake so ta sauka a ƙarfe na 12, ninkinsa biyu za ka cire a ƙashin. Kai rabin milimita kake nema, ka ja layi da fensir milimita ɗaya daga gindi. Ka shimfiɗa samfefa a kan gilashi ko tayil, ka goge gindin a miƙe, kada ka taɓa saman, kuma ka yi alama a gefen da ke wajen tsirkiya mai kauri don kada ka mayar da shi a juye. Ka tsaya kafin ka kai layin, ka mayar ka gwada, in da saura ka ƙara. Ka turo hoto kafin ka ɗaura sababbin tsirkiyoyin.