Sitiyarin Hilux yana lilo yana ƙara: boris ɗin sama ne ko rak?

Direban Mile 12:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sana'a. Motar Hilux ce ta 2010, mai shan fetur, inji 2.7, kayan gwari take ɗauka daga kasuwar Mile 12 ta Legas zuwa Agege da Oshodi. In ka kama kan sitiyarin ka ɗaga sama ka danna ƙasa, yana motsi har da ƙara ƙwas-ƙwas, in kuma aka faɗa rami sai ka ji bugun a tafin hannunka. Wajen juyawa akwai wani garas-garas daidai bayan wurin danna oda. An canja tayarod biyu, wato ƙarafan da ke tura tayun gaba su juya, watan jiya, ba abin da ya ragu. Wani ya ce boris ɗin sandar sitiyari ne, wato zoben nan mai ƙwallaye da ƙarfen sitiyari yake juyawa a cikinsa, wani ya ce rak ne, ƙarfen nan mai haƙora na ƙasa da ke kai juyin sitiyari ga tayu. Yaya zan tabbatar? In boris ne, ana canja shi shi kaɗai, ko sai an sauke sandar duka? Akwai jakar iska a sitiyarin.

Bakaniken Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Rak ba ya sa kan sitiyari ya yi sama da ƙasa, wasansa a juyi ake jin sa. Don haka a raba su.

Tsayar da motar a wuri mai daidai, tayu a miƙe, inji a kashe, makulli a kan ACC, wato murɗawar farko kafin a tayar da inji, don kada sitiyarin ya kulle. Fara da hannun da ake ɗaga sitiyari a sauke shi, ka tabbata ya ƙulle tam, sannan ka leƙa ƙarƙashin dashbod ka taɓa notocin da suka riƙe bututun sandar. Sau da yawa nan ne matsalar take, ana ta zagin boris ba laifinsa. In waɗannan lafiya lau suke, cire murfin roba na bayan sitiyari, wani ya girgiza kan kai kana kallo da tocila. In shaf, wato ƙarfen da ke juyawa a cikin bututun, yana motsi amma bututun yana tsaye cak, boris ɗin sama ya ci. In bututun da shaf tare suke motsi, maɗaurin ne. In kuma sitiyarin yana zuwa wajen ƙirjinka yana komawa, zoben ƙarfen da ke riƙe shaf a saman boris ne ya fita daga gurbinsa.

Wasan juyi kuwa, Toyota ta ba da iyakar milimita 30 a gefen sitiyari kafin taya ta fara motsi. In ya wuce haka, sai a duba kurosin shaf ɗin tsakiya, wato gaɓar da ke lanƙwasawa tsakanin sandar da rak, da shi rak ɗin, da tayarod na ciki. Kurosin nan na ƙasa shi ne ruwan Legas yake kashewa. Motar da ke ratsa ambaliya a damina, ruwa yana wanke masa giris ya yi tsatsa, sai ka ji sitiyari yana tauri yana saki wuri huɗu a zagaye ɗaya. Wannan ba boris ba ne.

Abin da ka bayyana dai boris ɗin sama ne. Ramuka suna ci masa, amma abin da ya fi cinye shi direba da yaran mota su riƙa kama sitiyari suna ɗaga jikinsu wajen hawa. Ba a yi shi don ɗaukar nauyin mutum ba.

Yadda ake aikin: tayu a miƙe, a cire wayar batir ta baƙi da sifana 10, a jira. Jakar iska sukurori biyu ne suke riƙe ta, masu kan tauraro, T30, ta gefen hagu da dama. Bayan ta fita, ka yi layi da maka daga kan shaf zuwa cibiyar sitiyari. Notin tsakiya 19 ne. Sassauta shi amma ka bar shi a kan zare uku ko huɗu, don in sitiyarin ya saki kada ya taho maka a fuska. A ciro sitiyarin da fula, wato ƙarfen janyowa mai sukurori, akwai ramuka biyu masu zare a jikinsa da aka yi don haka. Kada a sa guduma a kan shaf ɗin, ko sau ɗaya. Shaf ɗin nan hawa biyu ne, ɗaya cikin ɗaya kamar eriyar rediyo, an yi shi ne ya shige cikin kansa ranar haɗari don kada ya soki direba. Abin da ke riƙe tsayinsa ba shi da ƙarfin jure duka. Ka buge shi, ya gajarce, ka samu sabon wasan da babu boris ɗin da zai gyara.

Daga nan a cire kayan sigina da waifa, a zare filogan waya. A ƙasa, wajen ƙafar direba, a yi wa shaf da kuros alama su ma, sannan a fitar da notin da ya matse su, kansa 12. Fitar da shi gaba ɗaya, sassautawa ba ta isa ba, domin ta cikin wani gurbi a jikin shaf yake wucewa. Kwance notocin bututu, wani ya tallafe, a fito da sandar a ɗora kan benci. Da makulli a ACC, a cire zoben sama da filayar zobe, shaf zai zare ta ƙasa.

Tsohon boris ta ciki ake turo shi da sandar ƙarfe mai laushi, kaɗan-kaɗan ana zagayawa. A wasu bututun an dake bakin ƙarfen a kansa, sai an gyare wurin da zarto kafin ya fito. Sabon kuma da soket mai faɗin zobensa na waje ake danna shi. Ka tura ta zoben ciki, ƙwallayen sun yi tabo tun bai fara aiki ba. Wajen mayar da shaf, in ya yi tauri, a sa guntun faif a kan zoben ciki a ɗaura notin sitiyari ya jawo shi sama a hankali har gurbin zobe ya bayyana. A sa sabon zobe, tsohon da aka buɗe ba ya komawa yadda yake. Ka juya shi da bakin sukudireba, in yana zagayawa cikin gurbin, ya zauna.

Ɗauri, a ma'aunin ƙarfin ɗaure noti (N·m): notin sitiyari 50 N·m, na kuros 35 N·m. A yi shi da sifana mai awo, wurin nan ba na ƙiyasi ba ne. Aikin rabin yini ne in babu abin da ya cije.

Mai wayar mota, Agege:

Oga ya yi bayani, amma ya wuce wurin da aka fi yin asara da sauri. Wannan "a jira" da ya ce, daƙiƙa 90 ne mafi ƙaranci bayan cire batir, saboda kwamfutar jakar iska tana ajiye wuta na ɗan lokaci. Duk filogi mai ruwan ɗorawa nata ne. Kada a sa mita a kai don gwaji, 'yar wutar mitar tana iya tayar da ita. In an ciro jakar a ajiye ta tambarin yana kallon sama, nesa da mai walda.

Sai kulok-sifirin, wato baƙin faifan da ke bayan sitiyari, wanda siririyar waya take naɗe a cikinsa tana kai wuta ga oda da jakar iska. Zagaye kusan 5 kawai yake da shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Da zarar sitiyari ya fita, a manne shi da salatif don kada ya juya. In wani yaro ya riga ya yi wasa da shi, a juya shi hagu da yatsa a hankali har ya fara tauri, a dawo dama zagaye 2 da rabi, alamomin jikinsa su haɗu. Aka ɗaura shi a karkace, ranar farko da aka karya kwana har ƙarshe wayar za ta tsinke: oda ta mutu, fitilar SRS, wato ta gargaɗin jakar iska a dashbod, ta kama, jakar kuma ba za ta buɗe ba ranar da ake bukatarta. Haka kuma in an raba kuros alhali sitiyari yana kai, a ɗaure sitiyarin da bel ɗin kujera don kada ya juya.

Malam direba, garas-garas ɗin da kake ji ma a saurara da kyau. Kulok-sifirin da ya tsufa yana ƙarar gogayya mai kama da ta boris. In an cire shi, juya shaf ɗin da hannu. In ƙarar tana nan, boris ne.

Bayan an haɗa komai, ka kunna makulli ta gefe, kada ka sa fuska gaban sitiyari. Fitilar SRS za ta kama kamar daƙiƙa 6 ta mutu. In ta zauna, akwai filogin da bai shiga ba ko wayar ta samu rauni. Kuma don Allah kada a yarda wani ya cire ƙwan fitilar ya ce an gyara.

Ɗan kasuwar Ladipo:

Ni ta wajen kaya zan yi magana, kuma ban yarda a ce kullum boris kaɗai za a canja ba. A motoci da yawa na Toyota kamfani ba ya sayar da wannan boris shi kaɗai, bututun duka yake cewa a sauya. Mutane suna sa boris ɗin kasuwa ya kuma yi aiki, amma sai gidan da yake zama bai faɗaɗa ba. Motar da ta daɗe tana bugawa, zoben waje yana cin gidan, sabon boris ya shiga da yatsa ba tare da an danna ba. In haka ne, ko shaf ya yi zabga inda boris yake zama, kuɗin boris asara ne. A nemi sandar tokumbo, wato wadda aka yi amfani da ita aka shigo da ita daga waje.

In boris ɗin za a saya, a zo da tsohon a hannu. A karanta lambar jikinsa, in ta goge a auna da baniya, wato ma'aunin kauri da faɗi na makanikai: ramin ciki, faɗin waje, kauri. Misali 6004 milimita 20 ne da 42 da 12, 6904 kuma 20 da 37 da 9. Ramin ɗaya ne amma ba sa shiga gidan juna. Wasu sandunan ma boris ɗinsu na musamman ne da babu irinsa a jerin nan, don haka kada wani ya ba ka lamba ta waya. A ɗauki mai 2RS, wato rufin roba gefe biyu, ya fi tare ƙura da laima. A guji mai C3 a ƙarshen lamba, an bar masa sarari a ciki don injin da ke zafi, a sitiyari kuwa wannan sararin wasa zai zama. NSK, Koyo da NTN sunaye ne masu kyau, amma jabu ma yana ɗauke da sunayen, don haka a duba tsabtar rubutu, a juya shi a kunne.

Tokumbo kuma, a kasuwar kayan mota ta Ladipo ko ta ASPAMDA, a ɗora ta gefen taka a gwada tsayi da bakin zaren ƙasa da ramukan maɗauri. Akwai Hilux masu sitiyarin dama da ake yankowa, a tabbata ta hagu ce. A duba ko ta gajarce, alamar daga motar haɗari aka ciro ta. Gidan makulli kuwa naka za ka mayar, musamman in makullinka mai cif ne, wato 'yar na'urar tsaro da mota take ganewa, in ba haka ba mota ba za ta tashi ba. Notocinsa masu kan da ke karyewa ne bayan ɗauri, sai an huda su ko a juya su da kurfi, a sa sababbi.

Direban Mile 12:

Allah ya saka muku da alheri. An cire murfin an duba, bututun yana tsaye, shaf ne yake motsi. Tambaya ɗaya ta rage: bayan an gama sai an je alaimen, wato saitin tayu? Kuma zan iya ci gaba da lodi zuwa ƙarshen wata kafin a yi aikin?

Bakaniken Idi-Araba:

In an bi alamomin biyu, ta sama da ta ƙasa, babu ruwanka da alaimen, ba a taɓa tayarod ba. In ka ga sitiyari ya karkace bayan aikin, an tsallake haƙori ne a wajen kuros ko a sama, a koma a gyara can. Kada a bari mai alaimen ya ja tayarod ɗaya don ya ɓoye shi, kwanarka ta hagu da ta dama za su bambanta, sigina kuma ya daina komawa da kansa yadda ya kamata. Ka ƙirga juyi daga tsakiya zuwa kowane ƙarshe, su zo daidai.

Ƙarshen wata kuwa, a'a, Malam. Tunda har ya fara garas-garas, kejin ƙwallayen ya fara watsewa, ɓarɓashinsa yana iya cije shaf a tsakiyar kwana, ga lodi a baya a kan titin Ikorodu. Ko bai cije ba, kowace rana yana cin gidan boris, abin da Alhaji na Ladipo ya faɗa ke nan. A sauke sandar makon nan. Tunda sandar za ta fito, a lanƙwasa kurosin ƙasa da hannu ta kowane gefe, a duba boris ko bushin ɗin ƙasan bututu, da robar da ke toshe ramin da shaf yake ratsawa zuwa wajen inji. In ta yage a canja ta, ta nan ruwa da ƙura suke shigowa.