Kek ɗin lemon tsami a lokacin kaka: kowa ta faɗi yadda take yin nata

Maman 'yan biyu, Gezawa:
Assalamu alaikum matan gida, ya kaka ya aikin hatsi, Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Dan Allah so nake mu tattauna kan kek ɗin lemon tsami. Bishiyar gidanmu bana ta yi 'ya'ya sosai, mun matsa a shayi mun saka a kwaɗo mun ba maƙwabta kuma har yanzu zubowa yake yi, ga biki ya taso mana na ƙanwar maigida da zarar an gama sussukar dawa, kun san dai kaka kowane gida da ɗaurin aure. Ni ba ni da obin. Masu yi da gawayi ku faɗa mana yadda kuke yi, abin da hannunku ya yi nake so ba wanda aka ji an ce ba.

Uwargida daga Kura:
Wa alaikumus salam maman 'yan biyu, Allah ya sanya alheri. Ni sana'ata ce kuma a tukunya nake gasawa. Awona shi ne fulawa gwangwanin madara 3, suga gwangwani 1 da rabi, bota leda 1 mai giram 250, ƙwai 4, bakar hoda (hodar da ke sa kek ya tashi) ƙaramin cokali 2, gishiri ɗan kaɗan. Toh ga inda zancen yake, ƙamshin lemon tsami a ɓawo yake ba a ruwa ba. Ki wanke guda 5 ki goge korensu a abin goga kuɓewa ta ɓangaren ƙananan ƙofofi, da kin ga fari ya fara leƙowa ki juya wani gefen domin farin nan ɗaci gare shi kuma duk sugan da kika zuba ba zai rufe shi ba. Sai ki zuba gogaggen ɓawon cikin sugan ki murtsuke da yatsunki har sugan ya ɗan jiƙe, wallahi tun a nan za ki ji gidan ya ɗauki ƙamshi, sannan ki haɗa da botar ki buga da muciya har ta yi fari ta yi sauƙi, ƙwai kuma ɗaya bayan ɗaya kina bugawa. Ruwan lemon guda 2 ya isa cikin kwaɓin kuma shi ne ƙarshen shiga. Fulawa ki tankaɗe ta tare da hodar, in kin zuba kada ki yi ta tuƙa kamar tuwo, da kin daina ganin farin gari ki tsaya.

Amaryar bana, Birnin Kudu:
Anti ta Kura dan Allah madara fa? ni in na sa madara na matsa lemon sai na ga ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, tsoro yake ba ni

Uwargida daga Kura:
Ƙanwata ba lalacewa ta yi ba, haka madara take in ta haɗu da tsami, kuma kek ɗin ma ya fi laushi. In kina da kindirmo mai kyau wanda ba a tsuga masa ruwa ba ki sa rabin gwangwani maimakon madarar, sai ki rage ruwan lemon tunda shi ma da tsaminsa.

Malamar firamare, Kazaure:
Ni kam a wajen wuta nake so na yi magana don a nan yawancin mata suke asarar kayan haɗi masu tsada. Yanzu da kaka ko'ina kara ne da totuwar masara da ɓawon gyaɗa, kyauta, sai mutum ya ga ai ga makamashi, amma kara wutarsa ta tashi ɗaya ce ta mutu, ƙasan kek ya ƙone cikinsa ɗanye, ga hayaƙi ya shige shi ƙamshin lemon ya ɓace. Karan ki bar shi wa tuwo da ɗumamen safe. Gawayi za ki samu ki bari ya ruru ya fara yin toka a jiki. Babbar tukunya za ki zuba wa yashi mai tsabta kaurin yatsu 2 ko 3, ki rufe ta yi zafi kamar minti 10, ki ɗora gwangwanayen a kan yashin, murfin kuma ki zuba masa garwashi a kai, na sama ya ɗan fi na ƙasa yawa. Ni faranti nake kifawa na ƙarfe mai faɗi domin ya fi riƙe garwashin. Ƙananan gwangwani minti 20 zuwa 25, babba guda ɗaya yana kaiwa minti 45 ko fiye. Kada ki buɗe kafin rabin lokacin ya wuce ko da kin ji ƙamshi na kiranki, iska ta shiga zai zauna a tsakiya kuma ba ya sake tashi. Tsinken tsintsiya mai tsabta za ki soka, ya fito a bushe toh ya yi. Masu obin na gas ko lantarki digiri 180 ne.

Sannan yanzu da sanyin asuba ya fara sauka bota daskarewa take, ki ajiye ta a rana kaɗan ta saki kafin ki fara bugu, amma kada ta narke ta zama mai.

Hajiya Babba, Ringim:
'Ya'yana sannunku da ƙoƙari. Ni na tsufa da kek amma bari na sa baki. A zamaninmu in kaka ta yi abin da yaro yake ɗoki tumu ne, a karyo zangarniyar gero tun tana da ɗanyenta a babbaka a wuta a murje a tafin hannu a hure a watsa a baki, sai dafaffiyar gyaɗa sabuwar cira da rake da dankali da ake turbuɗawa a toka. Dare ya yi farin wata 'yan mata su fita dandali gaɗa, samari ana kokawa ana dambe, ga kalankuwa in an gama kai amfani gida, ƙauye da ƙauye ake gayyata. Abin da nake so ku riƙe shi ne ranar sussuka kada wadda ta ce za ta tari mata da kek, macen da ta wuni tana ɗaga taɓarya a masussuka ƙaiƙayi na cinta fura take so mai kauri da dambu ko ɗanwake, kek ɗinku ku ajiye wa 'yan kai amarya. Jikata ta yi min na lemon nan kuma na ci na ji daɗinsa da shayi, bai cika zaƙi ba, ya fi min wanda ake shafa wa farin abin nan a kai.

Kuma ku tuna wa mazajenku zakka tun hatsi na gona, noman ruwan sama dami 1 cikin 10, na ban ruwa da inji 1 cikin 20, in ya kai nisabi. A bar masu kala su yi kalarsu kada a kore su.

Maman 'yan biyu, Gezawa:
Allah ya ƙara girma Hajiya, mun ji kuma za mu kiyaye. Wallahi kin tuna min tumu, yaran yanzu wasu ko saninsa ba su yi ba.

'Yar Maigatari:
Mu nan riɗi ne da zoɓo, duk wanda ya zo kasuwarmu ta Alhamis a wannan lokacin ya san me nake nufi, buhu kan buhu har daga Nijar. To ni abin da nake yi, sabon riɗi nake wankewa na rege tsakuwar na shanya na ɗan soya shi sama-sama a kasko ba mai, sai na barbaɗa a kan kwaɓin kafin na rufe tukunya, in ya gasu saman yana yin ƙamas-ƙamas ga ƙamshin riɗi ga na lemon, yarana har sun fi son shi a kan kantu. Sai na dafa sabon zoɓo da citta da kanumfari a sha da shi. Abu ɗaya dai, in kin wuni kina ɓarar zoɓo hannunki duk ƙaiƙayi da 'yan tsage-tsage kada ki ce za ki matsa lemon tsami a ranar, raɗaɗin ba kaɗan ba ne, ki sa yarinya ta matsa miki.

Amaryar bana, Birnin Kudu:
Ni matsalata bota ce, kuɗinta ya yi yawa kuma a ƙauyenmu sai an aika cikin gari. Man shanu zai yi? surukata tana da shanu ba na rasa shi

Uwargida daga Kura:
Zai yi amma ɗanye wanda ba a soya da albasa ba, ki wanke shi da ruwan sanyi har tsamin nonon ya fita. Sai dai ki sani ƙamshinsa yana da ƙarfi yana danne lemon, wasu suna so wasu ba sa so, in na biki ne ban ba ki shawara ba.

Mai ƙuli-ƙuli, Gaya:
Amarya ki zo wajenmu mana, ga man gyaɗa sabo yanzu muke matsewa. Ni ban taɓa sayen bota don kek ba. Gwangwani 1 na mai a wancan awon na Anti ta Kura, sai dai tsarin ya canza, ƙwai da suga za ki fara bugawa da maburgi har su yi kumfa su yi fari sannan ki dinga tsiyaya man a hankali. Kuma kek ɗin mai ya fi jure iskar nan da ta fara busawa, na bota kwana 2 ya bushe yana marmashewa amma na mai yana nan da laushinsa in kin rufe shi a roba mai murfi. Man dai ya kwana ya kwanta ki tsiyaye na sama, in akwai gyaɗa mai ɗaci ko mai fumfuna a ciki tun wajen tsinta ake fitar da ita don guda kaɗan suna ɓata mai gaba ɗaya kuma ba su da kyau ga lafiya.

Manomi daga Auyo:
Salamu alaikum iyayenmu mata ku yi haƙuri na shigo muku zance. Mai ɗakina tana yin wannan kek ɗin a ƙananan gwangwanaye ƙanena yana kai wa filin kokawa da yamma, kuma gaskiya kafin a yi kiran magariba ya ƙare, domin da kaka kowa da ɗan kuɗi a aljihunsa ko yaro ya yi kala ya sayar. Abin da na lura mutanenmu ba sa son tsami ya fito fili, in ya yi yawa sai su ce ya lalace ne, ƙamshin kawai suke so. Ni nawa aikin shi ne kawo ƙwai, na zabi muke amfani da shi da damina amma yanzu zabi sun ɗauke sai ɗai-ɗai, dole mun koma na gidan gona. In kin samu na zabi ki sa 6 a madadin 4 saboda ƙanana ne, kuma ki fasa kowanne a kofi daban kafin ki juye, na ƙarshen damina ba a yarda da shi. Mu nan fadamar Haɗeja muna yankan shinkafa muna gyaran wajen alkama, a Nuwamba ake shukawa a girbe wajen Maris, in Allah ya kai mu ta ce za ta gwada da garin alkamarmu.

Malamar firamare, Kazaure:
Malam na Auyo garin alkama na gida yana yi amma kek ɗin yana yin nauyi da duhu saboda dusar, ta raba biyu da fulawa. Haka ma garin gero, na gwada da sabon gero gwangwani 1 fulawa 2, ɗanɗanon ya yi daɗi sosai da lemon amma bai tashi kamar na fulawa zalla ba, gero ba shi da danƙon da ke riƙe iska a kwaɓi. In ya wuce kashi 1 cikin 3 wargajewa yake a hannu.

Maman 'yan biyu, Gezawa:
Toh na biki fa mai yawa, ai tukunya ɗaya ba za ta fitar da ni ba

Mai ƙuli-ƙuli, Gaya:
Ki yi magana da masu gidan burodin garinku tun da wuri, in sun kwashe burodi zafin da ya rage a tandar ya isa kek, ki kai a gwangwanayenki ki biya kuɗin gashi. Ki tura babba ya tsaya a kai dai, kuma ki yi wa gwangwanayen alama don lokacin biki ba ke kaɗai za ki kai ba. Kwaɓin kuma kada ya zauna jira, da kin sa hoda da lemon ya fara aiki, sai an ce miki tanda ta kusa sannan ki haɗa fulawar.

Uwargida daga Kura:
Wannan gaskiya ne. In da mai shiga Kano ki ba da sautun fulawa da suga daga kasuwar Singa ya fi sauƙi a kan awon gwangwani, in kuma kina son babban lemon nan mai ruwan ɗorawa mai kaurin ɓawo a duba 'Yan Lemo ta Na'ibawa, ya fi sauƙin gogewa amma ni na gida ɗan ƙaramin nan ya fi min ƙamshi, ke da kike da bishiya ma me za ki saya. Sai abu na ƙarshe da nake yi wa na biki, ruwan lemon guda 3 da suga babban cokali 4 da ruwa kaɗan na ɗora a wuta suga ya narke kawai, kek na fitowa da zafinsa na tsattsaga shi da tsinke na shafa masa da cokali ya tsotse. Ki fara cire shi daga gwangwanin kafin ki shafa, tsami in ya zauna a jikin ƙarfe yana ba shi wani ɗanɗano. Na 'yan kasuwa irin na su Malam kada a shafa, na gidan biki da za a sha da shayi ko zoɓo shi ake yi wa, kuma ki bari ya huce sarai kafin ki ƙulla a leda in ba haka ba zai yi gumi ya yi saurin lalacewa.

Amaryar bana, Birnin Kudu:
Anti in an shafa ruwan lemon kwana nawa yake yi bai lalace ba? mu ba wuta balle firji

Uwargida daga Kura:
Da wannan sanyin kwana 3 zuwa 4 a rufe a ɗaki mai inuwa, da zafin bazara kuma kada ki wuce 2. In ɗaurin aure Asabar ne ki gasa Alhamis da yamma ko Juma'a da safe.