Ina neman haske kan Linjilar Toma da 'yan Nostik

Jama'a, a taimaka mini. Ina rubuta takarda kan 'yan Nostik, Kiristocin nan na ƙarni na 2 da suka ce ɓoyayyen sani ke kawo ceto, kuma wani ƙaramin allah ne ya halicci duniyar nan, ba Maɗaukaki ba. Inda na cije shi ne Linjilar Toma, wani tsohon littafi na zantukan da aka jingina wa Yesu, wadda aka tono kusa da Nag Hammadi a Masar a 1945. Na bi zantukanta 114 kaf, ban ga wannan ƙaramin mahalicci ba, alhali littafin Asirin Yohanna, da ke kundi ɗaya da ita, ya ambace shi ƙarara da sunan Yaldabawot. To, da wane ma'auni ake sa Linjilar Toma cikin littattafan 'yan Nostik? Zama a kundi ɗaya ai bai isa hujja ba. Masana tarihin coci, ku warware mini don Allah.