Wane suna ya dace da agogon da ke rubuta zuwan ma'aikaci?

Malamai da masu fassara, ina neman ra'ayinku a kan sunan wata tsohuwar na'ura da masu tara kayan tarihi suke nema ruwa a jallo, wato agogon da masana'antun Amurka da Ingila suka riƙa kafawa a bakin ƙofa domin ya rubuta lokacin shigar ma'aikaci da na fitarsa.

Willard Bundy, mai sana'ar kayan ado a garin Auburn na jihar New York, ya ƙera nasa a 1888. Kowane ma'aikaci yana da mabuɗi mai ɗauke da lambarsa, idan ya zura ya murɗa sai agogon ya buga lambar tare da sa'a da minti a kan doguwar takarda da ke naɗe a cikinsa. A 1894 Daniel Cooper ya fito da mai aiki da kati, kuma kamfanin da ya haɗe wannan sana'a a 1900 yana cikin waɗanda suka dunƙule suka zama kamfanin da daga baya aka sa wa suna IBM, mai ƙera kwamfuta.

Wani malami ya kawo “agogon aiki”, amma a ganina sunan ya yi faɗi, domin duk agogon da ke rataye a bangon ofis yana iya amsa shi. “Agogon sa hannu” ya fi kusa, tunda ma'aikatanmu sun saba sa hannu a littafi da safe, sai dai kunne zai riƙa rikita shi da agogon hannu, musamman a rediyo inda mai sauraro ba ya ganin rubutu.

Ni dai na tsaya a kan “agogon rajista”. Abin da ya bambanta wannan na'ura da sauran agogo shi ne tana ajiye shaida a rubuce, wadda akawu zai ɗauka ya lissafa albashi, ya kuma yanke wa wanda ya makara. Aikin rajista ke nan, kuma kalma ce da ɗan makaranta da ma'aikacin gwamnati duk suka sani. Daga nan rarrabewa ba ta da wuya: na Bundy agogon rajista mai mabuɗi, na Cooper kuwa mai kati.

Abin da ya rage shi ne aikatau, wato kalmar da za ta nuna abin da ma'aikaci yake yi da agogon. “Buga kati” ya dace da na Cooper, amma bai ɗauki mai mabuɗi ba, don haka ina roƙon malamai su duba ko “buga shiga” da “buga fita” za su wadatar ga duka biyun.